Shin Zoɓo da Koren Shayi Za Su Kare Idonka Daga Hasken Rana?

A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, ana kiransa ultrabayolet. Shi ne ke ƙona fata idan an daɗe a rana. To, ido ma yana samun nasa kason.

Fatar gaban ido da madubin ido suna tare mafi yawansa. Kaɗan ne ke isa tantanin bayan ido, wato ratina, inda ake karɓar hoton abin da kake kallo. Madubin idon yara kuwa ya fi na manya barinsa ya wuce.

A bayan ratina akwai wani layin ƙwayoyin halitta masu ciyar da ƙwayoyin gani, suna kuma kwashe musu shara kullum. Idan hasken nan ya buge su, sai a samu wasu sinadaran oksijin masu cin ƙwayar kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Su kuma sai su tayar da furotin NF-kB, wanda ke sa a fitar da sinadaran kumburi irin su IL-6 da IL-8. Daɗewar kumburi a nan yana da hannu a lalacewar tsakiyar ratina a tsufa, cutar da ke hana mutum karatu da gane fuska.

Ina ruwan tsirrai a ciki? Ai su a rana suke wuni, don haka suke haɗa sinadaran polifenol da ke taimaka musu jure ta. Akwai kwasetin a albasa, resberatrol a ɓawon inabi da gyaɗa, EGCG a koren shayi, da antosayanin mai ba zoɓo jan launinsa. A ɗakin gwaji, an ga wasunsu sun rage mutuwar ƙwayoyin ratina da aka haska wa ultrabayolet, sun kuma farkar da Nrf2, mai kunna garkuwar ƙwayar.

Amma fa ka lura: ƙwaya a faranti daban, idon mutum daban. Abin da ka sha, hanji da hanta suna sauya mafi yawansa kafin ya kai ido. Saboda haka ka sha zoɓonka, ka ci albasa, amma kada ka ɗauke su magani. Kariyar da ta tabbata ita ce tabarau mai alamar UV400 da malafa. Kuma kada ka ƙura wa rana ido, ko da ranar husufi ce.