Abin da Ya Cinye Saiwar Rake a Tsibirin Reuniyon

A shekarar 1981 manoman rake a arewa maso yammacin tsibirin Reuniyon suka fara ganin abin da ba su saba gani ba. Ganye ya yi ɗorawa, kara ya tsumbure, a wasu gonakin ma raken ya kwanta alhali ba a yi wata iska ba. Tsibirin yana Tekun Indiya, gabas da Madagaska, ƙarƙashin mulkin Faransa, kuma rake ne ya mamaye kusan rabin ƙasar nomansa. Abin da ya taɓa rake a can ya taɓa tukunyar dubban gidaje.

Wanda ya hango gonar daga nesa fari zai zarga, don dama ruwa bai wadaci wannan ɓangaren tsibirin ba. Sai dai raken da ƙishi ya kama yana nan riƙe da ƙasa gam. Wannan kuwa da hannu ake tumɓuke shi, gindin ya fito babu saiwa. Da aka tona sai ga fararen tsutsotsi masu jan kai a lanƙwashe cikin ƙasa, kamar gwazarmar juji. Su ne suka cinye saiwar, raken ya rasa abin shan ruwa.

To, tsutsar wane ƙwaro ce? Bincike ya nuna ta Hoplochelus marginalis ce, ƙwaro mai fitowa da magariba daga watan Nuwamba zuwa Janairu. Macen tana saka ƙwai cikin ƙasa, tsutsar ta yi saɓa sau biyu, kuma a matakinta na uku ne take ɓarnar da ta fi muni. Abin mamaki, ƙwaron ba ɗan tsibirin ba ne. Daga Madagaska ya fito, kuma ana kyautata zaton cikin ƙasar tukwanen furanni ya shigo a shekarun 1970, ya yi ta hayayyafa shiru kafin a farga. Aka zuba maganin ƙwari mai guba a gonaki, ya rage ɓarna inda aka sa shi, amma ƙwaron bai fasa ci gaba ba, shekara kan shekara yana kewaye tsibirin.

A nan ne aka yi tambayar da, a ganina, ita ce ta ceci raken. A Madagaska ƙwaron yana nan tun fil azal, amma ba wanda ke kuka da shi haka. Me ya daƙile shi a gida ya sake shi a baƙon wuri? Masu bincike na cibiyar CIRAD ta Faransa, cikinsu har da Bernard Vercambre, suka tafi can suka shiga tonon ƙasa. A 1987 suka samo abin da suke nema: matattun tsutsotsi da suka sandare, farar fumfuna ta lulluɓe su. Ashe ƙwaron ya ƙetare teku ya baro cutarsa a baya.

Fumfunar daga dangin Beauveria take, kuma aikinta abin a tsaya a duba ne. Ba sai tsutsa ta ci ta ba. Ƙurar irinta tana maƙalewa a fatar tsutsar, ta tsiro, ta huda fatar ta shige. A ciki take yaɗuwa tana cin jikin har tsutsar ta mutu. Daga nan ta ɓullo waje, ta miƙa zaruruwa cikin ƙasar da ke kewaye da gawar, ta zubar da sabon iri mai yawa. Tsutsar da ta ratso ta wurin ita ma ta kamu. Wato kowace gawa takan zama tushen cutar ga na baya. Rake kuma ya dace da wannan, don ana yanke shi a bar gindin ya yi gyauro shekaru da dama ba a sake huɗa ba, fumfunar ta sami ƙasar da ba a dame ta ba ta zauna.

Saura yadda za a kai ta gonaki. Da farko ƙwarin ake kamawa lokacin tashinsu, a tsoma su cikin ruwan da aka dama irin fumfunar, a sake su, su koma ƙasa da cutar a jikinsu. An kuma rena ta a kan shinkafa ana binnewa a gona. Daga bisani aka fito da Betel, ƙananan ƙwayoyin yumɓu masu ɗauke da irin, ana zuba su a kwarin kunya ranar dashe, kuma hukuma ta wajabta sa maganin ga duk mai sabunta gonar rake. Aikinsa yana da nawa, dole a faɗi wannan. Manomin da ya saba ganin ƙwari sun zube washegarin feshi sai ya yi haƙuri, kuma maganin abu ne mai rai, zafin rana da mummunar ajiya suna kashe shi tun bai kai gona ba. Amma a hankali yawan tsutsar ya sauko har ɓarnarta ta daina zama bala'i.

Shekaru da yawa ana ɗaukar fumfunar a matsayin Beauveria brongniartii, wadda Turai ta sani a jikin irin waɗannan ƙwari. Sai a 2015 binciken ƙwayoyin halitta ya nuna jinsi ce dabam, aka raɗa mata Beauveria hoplocheli.

Ƙwaron dai yana nan a Reuniyon, an danne shi ne kawai. Shi ya sa maƙwabciyarta Morishiyos, wadda ita ma rake ne babban amfanin gonarta, take da yarjejeniya da ita: daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ana taƙaita tashin jiragen sama da na ruwa tsakaninsu a lokutan da ƙwaron ke shawagi, ana rage fitilun da ke janyo shi, ana kuma bincika jiragen kafin su tashi.