Yafiya a Koyarwar Kirista: Bashin da Ka Yafe Kana Sane

 Yau zan yi magana ne a kan yafiya a addinin Kirista. A tarukan matasa ina yawan jin ana cewa, "Wai in yafe masa? Ya ci bulus kenan!" To, bari mu duba abin da kalmar take nufi tukuna.

A Linjilar Matiyu sura 18, Bitrus ya tambayi Yesu ko yafe wa ɗan'uwa sau 7 ya isa. Amsar da ya samu ta nuna masa cewa ba abin ƙirgawa ba ne. Sai Yesu ya ba da misalin wani bawa da sarki ke bi bashin talanti 10,000. Ku yi lissafi da ni. Dinari ɗaya shi ne ladan lebura na yini guda a zamanin, talanti ɗaya kuma kusan dinari 6,000 ne. Kenan bashin ya haura aikin shekara 160,000. Sarki ya yafe masa duka. Fitowarsa ke da wuya, sai ya shaƙe wuyan abokin aikinsa a kan dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki.

Kun ga a nan yafiya maganar bashi ce. An cuce ka, kana bin mutum, sai ka ce ba za ka karɓa da hannunka ba. Dalilin Kirista kuwa shi ne, abin da Allah ya yafe masa ya fi wanda yake bin kowa nesa ba kusa ba.

Amma fa akwai abu uku da ake haɗawa da ita, alhali daban suke.

Na farko, mantuwa. Wanda ya yafe bashi ya san nawa ne, bai ce ba a ci ba.

Na biyu, amana. A littafin Farawa, Yusufu bai bayyana kansa ga 'yan'uwan da suka sayar da shi nan take ba. Sai da ya gwada su, ya ga Yahuza ya yarda a riƙe shi a madadin Biliyaminu. Yafiya kyauta ce, amana kuwa sai an ga canji.

Na uku, shari'a. Bulus ya hana ramuwa a Romawa sura 12, a sura 13 kuma ya nuna hukunta mai laifi aikin hukuma ne. Saboda haka yarinyar da aka ci zarafinta tana iya yafewa a zuciyarta, kuma ta kai ƙara. Kada wani ya rufe mata baki da sunan addini.

In kuna ganin abin ba mai yiwuwa ba ne, ku dubi Kaduna. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992. Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. A 1995 suka haɗu, daga baya suka shiga aikin sasanci tare, har ya kai su Yelwa da Shendam a jihar Filato. Hannun faston bai dawo ba. Abin da ya ajiye shi ne niyyar ramawa.

Mukan ce rama cuta ga macuci ibada ne. To amma a rikice-rikicenmu, wa ramuwar take samu? Sau da yawa ba macucin ba, wani matafiyi ne da ya biyo hanya bai san hawa ba bai san sauka ba. Mu matasa ake tura wa, mu ake binnewa.

In akwai wanda ka ƙullata, zauna ka faɗi ainihin abin da ya ɗauke maka. Sannan ka yanke shawarar ba za ka rama ba, ko da zuciyar ba ta huce ba tukuna. In abin ya taso gobe, ka sake yankewa.

Ku faɗa min ra'ayinku.