Baƙo da Ɗan Gari a Filin Ƙwallo: Misali daga Ƙasar Kazaure da Babura

A cikin kalmomin da Bahaushe ya ɗauko daga rumbunsa ya yi wa wasan ƙwallon ƙafa hidima da su, da wuya a sami wadda ta kai “gida” yawan aiki. Wanda ke tsayuwa tsakanin sanduna biyu sunansa mai tsaron gida. Ɗan wasan da ya jefa ƙwallo a ragarsu bisa kuskure, an ce ya ci gida. Wanda ya laɓe bayan 'yan baya kafin a bugo masa, ya yi satar gida. Sa'an nan kuma garin da ake wasan a cikinsa shi ma gida ne, shi ya sa akan ce an bi su wane har gida an ci su. To, duk inda aka ambaci gida, akwai baƙo. Masu karanta labarin wasanni a rediyo kan ce ƙungiya kaza za ta karɓi baƙuncin ƙungiya kaza, watau dai harshe ya ɗauki karawar a kan ziyara ce. Abin dubawa shi ne ko baƙon da ya bi 'yan wasan garinsu zuwa wani gari yana samun abin da al'ada ta tanadar wa baƙo. Ƙananan filayen arewa maso yammacin Jihar Jigawa sun isa misali.

Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura, kuma masarautarta, wadda Ɗantunku ya kafa wajen 1819, ta tashi ne a mahaɗar ƙasashen Kano da Katsina da Daura. Roni da Gwiwa da 'Yankwashi duk a ƙarƙashinta suke. Babura kuwa, mai iyaka da Jamhuriyar Nijar, a da ƙasar Kano ce, ta koma masarautar Ringim bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Ƙwallo ya daɗe da kafuwa a wannan nahiya ta Kano: 'yan wasan Kano sun ɗauki Kofin Ƙalubale na ƙasa a 1953, Raccah Rovers ta zama zakarar Nijeriya a 1978, Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta yi haka a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Amma wasan da ake magana a kansa a nan ba na irin waɗannan ba ne, bai ma kai na Jigawa Golden Stars ba. Wasa ne na unguwa da unguwa, ko gari da gari, wanda akan shirya don cin kofin wani mai kuɗi ko basarake ko ɗan siyasa, galibi bayan an kau da amfanin gona.

Filin irin wannan wasa yawanci na makarantar firamare ne ko na sakandare. Ba katanga, ba ƙofa, ba benen 'yan kallo. Da toka ko farar ƙasa akan ja layi, wani lokaci a kewaye da igiya. Manyan baƙi su ke da kujeru a inuwar darbejiya, sauran jama'a a tsaye, yara a kan bishiya ko tagar aji. Akan fara bayan la'asar, tilas kuma a tashi kafin magariba, domin babu fitila. Wannan tsari yana da muhimmanci ƙwarai ga baƙo. A babban fili irin na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano, akwai waya tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa, akwai kuma 'yan sanda. A ƙaramin fili kuwa, kafaɗar baƙo tana gugar ta ɗan gari, ɗan wasan da zai yi jifa daga gefe sai ya roƙi mutane su matsa masa. Abin da ke kare baƙo a nan ba ƙarfe ba ne, kunya ce da sanayya.

Samarin da suka taso daga Amaryawa ta Roni zuwa Korayel ta Gwiwa, ko daga Kanya Babba zuwa Kazaure, sukan yi karo-karo su ɗauki a-kori-kura, masu hali su biyo a kan babura (dacewar wannan jam'i da sunan garin Babura ta sauti ce kurum, ko da yake 'yan ba'a ba su barin ta ta wuce). Da isarsu, ba sai sun sa riga iri ɗaya ba za a gane su. Harshe kan tona asiri: mai karin Kananci zai yi ihu ya ce “buga masa”, wanda ya fi kusa da Daura ko Katsina ya ce “buga mashi”. Baƙin kan haɗu wuri guda, yawanci bayan ragar golansu, kusa da inda suka ajiye motarsu. Zaɓen wannan wuri ba banza ba ne.

Tun kafin zuwan ƙwallo Hausawa sun san tafiya wani gari don wasa. 'Yan dambe, waɗanda asalinsu rundawa ne, sukan bi garuruwa da kaka, su sauka a hannun Sarkin Fawa, shi ke ba su masauki da abinci, shi ne kuma zai amsa tambaya in wani abu ya same su. Haka 'yan kokawa suke da nasu masu masauki. Ɗan damben da ya kashe ɗan gari a fage da yamma, da dare a gidan mahautan garin zai ci tuwo. Hikimar wannan tsari ita ce an raba fage da gida: gaba ta tsaya a fage, baƙunci ya ci gaba a zaure. Ƙwallo, da yake ta hanyar makarantun boko da barikin soja ya shigo, bai zo da Sarkin Fawa ba. Ƙungiya tana da kyaftin da koci da mai ɗaukar nauyinta, amma babu wani mai sarauta da aka ɗora wa alhakin baƙin 'yan kallo. Baƙon ƙwallo ba ya kwana, ba ya cin tuwon kowa, bai sauka a hannun kowa ba. Saboda haka a idon al'ada matsayinsa ya fi kusa da na ɗan cin kasuwa fiye da na baƙon gida, alhali kuwa ya zo ne da fatan a kunyata masu garin a gaban yaransu.

Duk da haka, sau da yawa akan tashi lafiya. Dalili kuwa shi ne baƙon wannan yanki ba baƙo ba ne sosai. Auratayya da kasuwannin mako da karatun allo sun riga sun ɗinke garuruwan. Wanda ya zo daga Roni yana da gwaggo a Kazaure, ko abokin da suka yi makarantar kwana tare, shi zai saya masa rake ko ruwan leda, ya kuma ce wa 'yan unguwarsu, “Wannan namu ne.” Da ɗan gari akan ci gari. Zolayar da akan yi ta jifan juna da ita a bakin layi tana bin sawun wasan barkwanci irin na Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari: a taɓa abincin gari, ko rowar mutanensa, ko rashin kwalta a hanyarsu, kowa ya yi dariya. Iyakarta sananniya ce. Da zarar an ambaci uwa ko asali, wasa ya ƙare.

Akwai ƙa'idojin da ba a rubuta ba, waɗanda baƙo mai hankali ke kiyayewa. Yakan gai da dattawan da ya tarar a inuwa. In 'yan wasansu suka zura ƙwallo, ya yi sowa a inda yake, kada ya ruga cikin fili, balle ya je gaban 'yan gari yana rawa. Kirari da ganga, in an zo da su, a yi wa nasu, kada a yi zambo ga masu gida. Karin maganar nan ta “baƙo raɓa, ɗan gari kaba” tana da fuska biyu a nan: tana tuna wa ɗan gari ya yi haƙuri tun da baƙo yanzu zai wuce, tana kuma tuna wa baƙo cewa shi ne marar saiwa a wurin.

Inda abin ya fi tsanani shi ne kan alƙalin wasa, wanda shi ma sau da yawa baƙo ne, kuma shi kaɗai ne ba shi da magoya baya. Bugun daga kai sai mai tsaron gida da aka ba baƙi ana saura minti 5 a tashi ya isa ya sa igiya ta tsinke. Alƙalin da ya san ba katanga tsakaninsa da jama'a, kuma da ƙafarsa zai ratsa su zuwa tasha, ba abin mamaki ba ne in hurinsa ya karkata. Daga nan ne aka sami ra'ayin da ya bazu cewa kunnen doki a waje daidai yake da nasara, kuma cin wasa a gidan wani neman magana ne. Wannan ciwo bai tsaya ga ƙauye ba. A watan Afrilu na 2022, a wasan Kano Pillars da Katsina United a Kano, 'yan kallo sun kutsa fili, an kuma farfasa motar baƙi; hukumar gasar ta ci Pillars tara ta rage mata maki 3, a ƙarshen kakar kuma ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. A gasar ƙauye babu makin da za a rage wanda zai tsorata kowa. Hukuncin da ya fi tasiri shi ne hakimi ko dagaci ya hana yin ƙwallo a garin, ko mai kofi ya janye kuɗinsa.

Sai kuma ramuwa. Garuruwan suna kusa da juna, waɗanda suka karɓi baƙi yau su ne za su hau mota wani makon, kuma abin da aka yi wa baƙo a Gwiwa kafin isha'i ya kai Roni ta wayar hannu. Shi ya sa a inda shugabannin ƙungiya suka san abin da suke yi, da an hura tashi sai su kewaye alƙalin wasa da 'yan wasan baƙi, su raka su har bakin mota, wani lokaci wani ya ja gaba da babur har a fita gari. Rakiya tsohuwar al'ada ce ta girmama baƙo, wadda akan auna darajarsa da nisan inda aka kai shi. A filin ƙwallo ta sami aiki na biyu, watau tsaro, amma sunanta bai sake ba: ba mai cewa an fitar da baƙi, sai dai a ce an raka su, a kuma yi musu “a gai da gida”.