Tuvalu: Ƙasar Da Teku Ke Neman Haɗiyewa

Ranar 28 ga watan Fabrairu na 1975 aka sa hannu a nan birnin Lome kan yarjejeniyar ciniki da taimako tsakanin ƙasashen Turai tara da ƙasashe 46 na Afirka da Karibiyan da tekun Fasifik. Tun daga ranar sunan garinmu ya shiga takardun gwamnatocin wasu tsibirai da yawancinmu ba mu taɓa jin labarinsu ba. Yarjejeniyar Kwatano ta gaje ta a shekarar 2000, ta Samowa kuma ta gaji ta Kwatano a 2023. Daga cikin ƙasashen da suka shigo wannan zumunci bayan sun sami 'yanci akwai Tuvalu, wadda muka ga ya dace mu kawo wa iyalanmu labarinta, domin abin da ke damun mutanenta ba baƙo ba ne ga wanda ke kwana yana jin rurin teku.

Ina Tuvalu take?

Tana tsakiyar tekun Fasifik, a yankin da ake kira Folinesiya, kusan rabin hanya tsakanin Ostireliya da Hawai. Tsibirai tara ne: Nanumea, Nanumanga, Niutao, Nui, Vaitupu, Nukufetau, Funafuti, Nukulaelae da Niulakita. Ma'anar sunan ƙasar ita ce takwas da ke tsaye tare, saboda a dā tsibirai takwas ne ke da mazauna. Duka faɗin ƙasarta murabba'in kilomita 26 ne, wato Togo ta ninka ta fiye da sau dubu biyu. Jama'arta kimanin dubu 11 ne, fiye da rabinsu a Funafuti, babban birni. Sai dai ruwan da ke ƙarƙashin ikonta ya haura murabba'in kilomita dubu 700.

Tsibiran ba duwatsu ba ne masu tsayi. Wasu ƙananan halittun ruwa, irin waɗanda ake samun murjani daga gare su, su ne suka yi ta gini shekaru aru-aru har ginin ya ɓullo saman ruwa, yashi ya taru a kai. Yawancinsu siririyar ƙasa ce da ta kewaye tafki kamar zobe, har a wasu wurare mutum na tsaye yana ganin ruwa dama da hagu. Wuri mafi tudu a duk ƙasar bai kai mita 5 sama da teku ba. Babu kogi ko ɗaya, ruwan sama ake tarawa a tankuna. Da fari ya yi tsanani a 2011, sai da gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, Niyu Zilan da Ostireliya suka aiko da injinan tace ruwan gishiri.

Abinci da al'ada

Abincinsu na gado kifi ne da kwakwa da wani tsiro mai kama da gwaza da suke kira pulaka. Ana haƙa rami har a taɓo ruwan ƙasa, a zuba ganyaye su zama taki, a dasa shi a ciki, kuma ramin gado ne da iyali ke miƙa wa 'ya'ya. A bisa tsarinsu na dā, kowane gida na da sana'ar da yake yi wa al'umma, wani sassaƙa kwalekwale, wani ginin ɗaki, wani kamun kifi, kamar yadda muka san gidan maƙera da na wanzamai da na mahauta. Idan an yi baƙi ko biki, sai a taru a babban zauren gari a yi rawar fatele: maza na buga wani akwatin katako da tafin hannu, ana rera waƙa ana ƙara mata sauri.

Mafi yawansu Kiristoci ne, mabiya Cocin Tuvalu, addinin da ya iso musu a 1861. Bayan shekara biyu, a 1863, jiragen masu satar mutane suka kwashe ɗaruruwan mazauna Nukulaelae da Funafuti zuwa aikin bauta a ƙasar Peru. Mu da ke zaune a gaɓar da ta ga cinikin bayi mun san irin tabon da wannan ke bari.

Yadda ake mulki

Ingila ta sa tsibiran ƙarƙashin kariyarta a 1892 da sunan tsibiran Elis, ta haɗa su da tsibiran Gilbat, wato Kiribati ta yau. A ƙuri'ar raba gardama ta 1974 suka zaɓi su ware, suka sami 'yanci ranar 1 ga Oktoba, 1978, sannan suka shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 2000. Sarkin Ingila ne shugaban ƙasa a takarda, yana da wakili ɗan ƙasa da ake kira Gwamna-Janar. Majalisar dokoki na da kujeru 16, ana zaɓe duk shekara huɗu, 'yan majalisa kuma su ke zaɓen Firayim Minista daga cikinsu. A Fabrairun 2024 suka zaɓi Feleti Teo. Babu jam'iyyun siyasa, babu soja. Ɗan takara da sunansa da na gidansu yake tsayawa, ga mutanen da suka san shi tun yana yaro.

Kowane tsibiri kuma na da majalisar dattawa, falekaupule, wadda dokar 1997 ta damƙa wa ikon tafiyar da harkokin cikin gida. Kuɗin shiga na zuwa ne daga lasisin da jiragen kamun kifi na waje ke biya, da asusun ajiya da Ingila da Ostireliya da Niyu Zilan suka taimaka aka kafa a 1987, da abin da 'ya'yansu ma'aikatan jiragen ruwa ke aikowa gida. Akwai kuma wani rabo da ya zo musu ba zato: haruffan adireshin ƙasarsu a intanet su ne .tv, kamfanonin talabijin na duniya kuwa na biyan kuɗi don amfani da su.

Teku ya matso

Binciken hukumar NASA ta Amurka na 2023 ya nuna cewa ruwan tekun da ke kewaye da Tuvalu ya ƙaru da kusan santimita 15 cikin shekara 30, sakamakon ɗumamar duniya da ke narkar da ƙanƙara, take kuma kumbura ruwan teku. A watannin Fabrairu da Maris, lokacin babbar cikowa, ruwan gishiri kan ɓuɓɓugo ta ƙarƙashin ƙasa ya malale tsakar gida, ya kashe pulaka a ramukansa. Guguwar Pam ta 2015 ta turo igiyoyin da suka ratsa wasu tsibiran, har suka tone kaburbura. A 2021 ministan harkokin wajensu, Simon Kofe, ya yi wa taron yanayi na duniya jawabi yana tsaye cikin teku, ruwa har gwiwa.

Gwamnati ta kama hanyoyi uku. Ta cike wani sashe na tafkin Funafuti da yashi don samun tudun da ruwa ba zai hau ba. Ta gyara tsarin mulki a 2023, ta rubuta cewa Tuvalu za ta ci gaba da zama ƙasa har abada ko da ruwa ya shafe doronta. A shekarar kuma ta ƙulla yarjejeniyar Falepili da Ostireliya, kalmar da ke nufin haƙƙin maƙwabtaka, wadda ta ba mutum 280 izinin komawa can duk shekara. Da aka buɗe rajista a 2025, dubbai ne suka rubuta sunayensu.

Abin da ya shafe mu

Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwan Lome a 1968, katangarta ke tare yashin da igiya ke turawa daga yamma zuwa gabas. Shi ya sa mu a Kodjoviakope muke ganin rairayi mai faɗi, alhali gabas da tashar, daga Bagida zuwa Agbodrafo da Aneho, teku ya cinye gidaje da gonakin kwakwa da tsohuwar hanyar mota. Bambancin shi ne, wanda ruwa ya kora a Bagida yana da tudu a bayansa har Dapaong. Mutumin Funafuti, in ya ja da baya, ruwa ne a bayansa.

Tambayar da ke gabansu ita ce ko al'umma na rayuwa bayan ta bar ƙasarta. Sun taɓa gwadawa: a 1947 wasu mutanen Vaitupu suka koma tsibirin Kioa da suka saya a Fiji, jikokinsu kuma har yau suna magana da harshensu. Mu ma mun san wani abu a kan wannan. Kakanninmu sun baro Kano da Katsina da Sakkwato da fataucin goro da shanu, a 1977 kuma aka tashi tsohon Zongon tsakiyar Lome aka mayar da shi arewa da gari, amma harshe da zumunci da girmama dattawa suka bi mutane inda suka je. Sai dai mu muna da gida da za mu kai yaranmu su gani, su kuwa abin da suke tsoron rasawa ke nan. Bahaushe ya ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu daina ɗibar yashin bakin teku, mu kuma riƙe harshenmu a cikin gidajenmu. Allah Ya kiyaye mu da su.