BrewDog: Yadda ƙaramin kamfanin giya ya gina kansa da kuɗin masoyansa, da inda suka tsinci kansu

A watan Yulin 2025, kamfanin giya na BrewDog ya sanar da rufe mashayu goma a Birtaniya. Daga cikinsu har da ta titin Gallowgate a birnin Aberdeen na yankin Skotland, wadda ita ce mashayar farko da kamfanin ya buɗe a 2010. Wata guda bayan haka, Martin Dickie, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin, ya bayyana cewa ya bar shi. Abokinsa James Watt kuwa tun a watan Mayun 2024 ya sauka daga kujerar shugabanci.

Labarin ya ja hankalin jama'a saboda mutum fiye da 200,000 ne suka zuba kuɗinsu a kamfanin, kuma galibinsu ba attajirai ba ne. Masu sha'awar giyarsa ne da aka gayyata su zama masu shi. Ko ga wanda bai taɓa kusantar giya ba, abin da ya faru tsakanin BrewDog da masoyansa darasi ne a kan haraji, mallaka, haƙƙin ma'aikata, da kuma wanda ke kwasar riba idan ƙaramar sana'a ta zama babban kamfani.

Daga rumbu a garin masunta

Watt da Dickie sun fara sana'ar a 2007 a Fraserburgh, wani garin masunta a arewa maso gabashin Skotland, kowannensu yana da shekara 24. Dickie ya karanci ilimin dafa giya a Jami'ar Heriot-Watt da ke Edinburgh, ya kuma yi aiki a kamfanin Thornbridge a Ingila. Watt ya karanci shari'a da tattalin arziki, sannan ya yi aiki a jirgin kamun kifi. Sun yi hayar rumbu, suka sayi tsofaffin tukwane da bashin banki, suna cika kwalabe da hannu, suna kai wa kasuwannin ƙauye a bayan tsohuwar mota.

Kayan haɗin giya galibi iri ɗaya ne: ruwa, tsiron sha'ir, yis, da furen wani tsiro da ake kira hop, wanda ke ba ta ɗaci da ƙamshi. Manyan kamfanoni sukan rage ɗacin domin ta dace da bakin kowa. Ƙananan masu sana'a, musamman waɗanda suka bi salon Amurka, sukan zuba hop da yawa, su sayar da tsada ga masu neman wani ɗanɗano na dabam. Giyar da ta yi wa BrewDog suna, wato Punk IPA, daga wannan rukunin take. Ƙofar kasuwa ta buɗe masu a 2008, lokacin da kantunan Tesco suka fara sayar da ita.

Hannun gwamnati a cikin lamarin

Ana yawan ba da wannan labari kamar jarumtar samari biyu ce kaɗai ta kawo nasarar. Amma akwai wata manufar gwamnati da ta share masu hanya. A 2002, lokacin da Gordon Brown yake ministan kuɗi na Birtaniya, an shigo da rangwamen haraji ga ƙananan masu dafa giya. A lokacin, duk kamfanin da abin da yake samarwa bai wuce lita 500,000 a shekara ba, rabin harajin giya kawai zai biya. Ƙungiyar ƙananan masu dafa giya ta SIBA ta shafe shekaru tana fafutukar samun wannan sauƙi.

Sakamakon ya fito fili. Daga 'yan ɗaruruwan kamfanoni a farkon ƙarnin nan, adadin masu dafa giya a Birtaniya ya kai kusan 2,000 cikin shekara goma sha biyar. Rangwamen bai sa kowa ya yi arziki ba, amma ya sa mai ƙaramin jari zai iya tsayawa a kasuwa ɗaya da kamfanoni irin su Heineken da AB InBev ba tare da haraji ya durƙusar da shi tun shekarar farko ba.

Tawaye a matsayin talla

BrewDog ba shi da kuɗin talla a talabijin, don haka ya mayar da rigima ta zama tallarsa. A 2009 ya fitar da wata giya mai suna Tokyo mai ƙarfin barasa kashi 18.2 cikin 100, abin da ya jawo masa suka daga masu fafutukar kiwon lafiya da ƙungiyar Portman, wadda ke sa ido kan yadda ake tallar barasa a ƙasar. Martanin da ya mayar shi ne fitar da wata mai ƙarfin kashi 1.1, ya raɗa mata suna Nanny State, shaguɓe ga gwamnatin da ke ɗaukar 'yan ƙasa kamar yaran goye. A 2010 ya fitar da mai ƙarfin kashi 55, aka saka kwalabenta cikin busassun fatun ƙananan dabbobin daji.

A ƙasar da ke fama da mace-macen da barasa ke haddasawa, har ta kai gwamnatin Skotland ta ƙayyade mafi ƙarancin farashin barasa a 2018, wannan salo ya ɓata wa mutane da dama rai. Sai dai kowace suka tana ƙara wa kamfanin suna, tana kuma ƙarfafa saƙon da yake son isarwa: mu ne 'yan tawaye, manyan kamfanoni da hukumomi su ne abokan gaba.

Karo-karon jari

A 2009, bayan rikicin tattalin arzikin duniya, bankuna sun ƙi bayar da bashi. Sai kamfanin ya juya ga masu shan giyarsa, ya ƙaddamar da shirin da ya kira Equity for Punks, wato hannun jari ga 'yan tawaye. A lokacin kowa na iya shiga intanet ya sayi hannun jari da ɗan kuɗi kaɗan. A zagayen farko mutum 1,300 da 'yan kai suka shiga. An ci gaba da maimaita shirin har zuwa 2021, inda jimillar abin da aka tara ta kai kimanin fam miliyan 75.

Wanda ya saya ya riƙa samun rangwame a mashayun kamfanin da kantinsa na intanet, da gayyata zuwa babban taron shekara a Aberdeen, taron da ya fi kama da bikin kaɗe-kaɗe. Ga kamfanin, ribar biyu ce: ya samu kuɗi ba tare da biyan ruwa ba, ya kuma samu dubban mutane da ke yi masa talla kyauta a wurin abokansu, domin suna ganin kamfanin nasu ne.

Da wannan kuɗi aka gina babbar masana'anta a garin Ellon a 2012. Daga nan aka buɗe wata a jihar Ohio ta Amurka a 2017, sai Berlin a Jamus da Brisbane a Ostireliya a 2019, ga mashayu fiye da ɗari a ƙasashe daban-daban.

A wannan lokaci kamfanin ya riƙa nuna cewa shi ba na sayarwa ba ne. Da AB InBev ya saye ƙaramin kamfanin Camden Town na Landan a Disambar 2015, BrewDog ya cire giyar Camden daga dukkan mashayunsa, a matsayin hukunci ga wanda ya miƙa wuya ga manya.

Cinikin 2017 da sharaɗin da ke cikinsa

A watan Afrilun 2017 wani kamfanin zuba jari na Amurka mai suna TSG Consumer Partners ya sayi kimanin kashi 22 cikin 100 na BrewDog a kan fam miliyan 213. Cinikin ya ɗora darajar kamfanin a kusan fam biliyan ɗaya. Daga cikin kuɗin, kimanin fam miliyan 100 ya shiga asusun kamfanin domin faɗaɗa aiki, kusan wani miliyan 100 kuma ya tafi ga Watt da Dickie. Ƙananan masu jari an ba su damar sayar da ɗan kaɗan ne kawai daga abin da suka mallaka. An shaida wa waɗanda suka shiga tun zagayen farko cewa darajar jarinsu ta ninka fiye da sau ashirin, amma mafi yawan wannan riba a takarda ta tsaya.

Muhimmin abin shi ne irin hannun jarin da TSG ya karɓa. Hannun jari iri biyu ne a nan. Akwai gama-gari, wanda masoyan kamfanin suka saya. Akwai kuma mai fifiko, wanda mai shi ke karɓar haƙƙinsa kafin kowa idan aka sayar da kamfani ko aka rushe shi. Na TSG mai fifiko ne, kuma an haɗa masa da sharaɗin cewa kuɗin da ya zuba zai riƙa ƙaruwa da kashi 18 cikin 100 kowace shekara, riba tana hawa kan riba.

Lissafin ba shi da wuya. Kuɗin da ke ƙaruwa da kashi 18 a shekara yana ninkawa cikin shekara huɗu da 'yan watanni. Fam miliyan 213 na 2017 ya zama fiye da miliyan 400 a 2021, ya kai kusan miliyan 800 a 2025. Ma'ana, a wancan lokacin, idan aka sayar da kamfanin a kan fam miliyan 500, misali, sai an fara biyan masu bin bashi, sannan TSG ya kwashe abin da ya saura, masu hannun jari gama-gari su tashi hannu rabbana. A lokacin, kafin su ga ko sisi, dole farashin ya wuce abin da TSG ke bi, alhali wannan adadin yana ƙaruwa duk wayewar gari.

Sharaɗin yana rubuce cikin takardun kamfanin, ba a ɓoye yake ba. Amma wanda ya sayi hannun jari na kusan fam 25 a zagayen ƙarshe domin ƙaunar giya da rangwamen mashaya, da wuya ya zauna ya karanta dokokin kamfani. Su ma Watt da Dickie a lokacin hannun jarinsu yana bayan na TSG a layin biya, sai dai su sun riga sun karɓi kuɗinsu a hannu tun 2017.

Akwai matsala ta biyu. BrewDog bai shiga kasuwar hannayen jari ba, duk da cewa an sha yin maganar zai shiga. Don haka a lokacin mai son sayar da nasa ba shi da inda zai kai, sai ranakun ciniki na musamman da kamfanin ke warewa jefi-jefi.

Muryar ma'aikata

A watan Yunin 2021 tsofaffin ma'aikata fiye da 60 suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa, suna zargin cewa tsoro ne ke mulki a wurin aikin, kuma an fifita saurin bunƙasa a kan lafiyar ma'aikata. Watt ya nemi afuwa, ya yi alƙawarin gyara. A Janairun 2022 sashen BBC na Skotland ya watsa wani shirin bincike da ya ƙunshi zarge-zarge kan halayyar Watt, waɗanda ya musanta. Ya kai ƙara gaban hukumar Ofcom mai sa ido kan kafofin watsa labarai, amma ta yi watsi da ƙorafin a 2024.

A Janairun 2024 kamfanin ya daina biyan sababbin ma'aikata albashin da ake kira na ainihin rayuwa, wanda a lokacin yake fam 12 a awa a wajen Landan, ya koma mafi ƙarancin albashi na doka, fam 11.44. Ƙungiyar ƙwadago ta Unite ta yi tir da matakin. A 2023 kuma ya ƙulla yarjejeniya da reshen Budweiser na ƙasar Sin domin dafa giyarsa a can. Budweiser mallakar AB InBev ne, kamfanin da saboda shi aka kori giyar Camden fiye da shekara bakwai kafin nan.

Me ya sa ribar ta ƙafe?

Ba duka laifin ke kan shugabanni ba. Annobar korona ta rufe mashayu a 2020 da 2021. Bayan mamayar Rasha a Yukiren a 2022, farashin makamashi, sha'ir da gwangwani ya yi tashin gwauron zabo. A Afrilun 2025 kuɗin inshorar ƙasa da masu ɗaukar ma'aikata ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15. Matasan Birtaniya ma sun rage shan barasa idan aka kwatanta da iyayensu. Manyan kamfanoni kuma sun shigo kasuwar da kansu ta hanyar saye ƙanana, kamar yadda Heineken ya kammala mallakar Beavertown a 2022.

Amma saurin faɗaɗawar da BrewDog ya yi ya sa waɗannan matsaloli suka fi yi masa nauyi, domin manyan mashayu a tsakiyar birane suna cin haya da albashi ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Kamfanin ya yi asarar kimanin fam miliyan 59 a 2023, da kusan miliyan 37 a 2024, duk da cewa cinikinsa ya haura fam miliyan 350 a kowace daga cikin shekarun biyu.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Wasu daga cikin masu jarin suna cewa ba su yi da-na-sani ba, domin rangwamen da suka samu tsawon shekaru ya mayar masu da kuɗinsu. Waɗanda suka zuba dubban fam da fatan riba kuwa, kallon kitse suka yi wa rogo.

Wannan salon tara jari daga jama'a ya iso Najeriya, inda hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannayen jari ta fitar da ƙa'idojinsa a Janairun 2021, ta kuma taƙaita abin da ƙaramin mai zuba jari zai saka zuwa kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara. Ko gona ce, ko kamfanin fasaha, ko masana'antar abinci, tambayoyin ba sa canzawa. Wane irin hannun jari ake sayar maka? Wa za a fara biya idan aka sayar da kamfanin, kuma nawa yake bi? Kana da ƙuri'ar da za ta iya hana a shigo da wani a sa shi gabanka? Idan ka buƙaci kuɗinka, ina za ka sayar? Amsoshin suna cikin takardun kamfani, kuma kafin a tura kuɗi ya kamata a nemi ganinsu.