Rumbun Gajimare: Dalilan da Ke Hana Shi Aiki a Ko'ina

Ana sanar da jama'a, musamman akawuna da masu kula da fayil-fayil a ofisoshi, cewa abin da ake kira rumbun gajimare ba a sararin sama yake ba. Manyan kwamfutoci ne da aka jera a wani gida mai nisa, kamfani yana ba da hayar wurin ajiya a cikinsu. Amfaninsa shi ne mutane da yawa su yi tarayya a kan fayil guda. Alal misali, akawu a sakatariya a Jimeta ya rubuta, abokin aikinsa a cikin garin Yola ya buɗe ya gani nan take.

Amma kwamfuta ba ta iya shiga rumbun nan sai da wata 'yar manhaja mai aikin ɗan aike, wadda ke kai saƙo ta komo da amsa. A nan gizo ke saƙar. Kowane ɗan aike da harshen da yake ji. Kwamfutoci masu Windows sun saba da harshen SMB, masu Linux kuwa da NFS. Rumbun EFS na kamfanin Amazon da NFS yake aiki, kuma kamfanin da kansa ya ce ba a haɗa shi da Windows. Rumbun Azure Files na Microsoft yana jin SMB, sai dai saƙon yakan bi ta ƙofa mai lamba 445, kuma kamfanonin intanet da yawa sun toshe wannan ƙofa don tsoron ɓarayi. Sai ofis ya biya kuɗin haya, ƙofa kuwa a garƙame.

Sai batun nisa. Microsoft ya buɗe manyan gidajensa na farko a Afirka a 2019, a ƙasar Afirka ta Kudu. Amazon ya bi sahu a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024. Watau fayil ɗin da akawun Jimeta ya aika wa na Yola, tafiyar da ɗan Keke Napep zai yi cikin ɗan lokaci, yana iya zuwa Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku, sa'an nan ya komo. Buɗe fayil guda kuwa kai-komo ne sau da yawa, kuma kowane zuwa da jinkirinsa. In mutum biyu suka buɗe shi tare, sai an kulle wa ɗaya, ya jira.

Hanyar ma takan yanke. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya. A watan Afrilu na wannan shekara kuma ɓata-gari suka kayar da turakun lantarki tsakanin Jos da Gombe, Yola da Jimeta suka shiga duhu.

Saboda haka, kafin ofis ya sa hannu a yarjejeniya, sai ya tambaya: a wace ƙasa rumbun yake, wane harshe ɗan aikensa ke ji, kuma an gwada shi daga nan Yola ko kuwa daga Legas kaɗai? Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙetare, ma'aikatun Gwamnatin Tarayya kuwa suna da kamfanin Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006, mai gidan ajiya a Abuja. Takardun albashi da na fansho kuma a riƙa ajiye kwafinsu a cikin ofis.