Muhimmancin Sanar da Gidauniya Sauyin Kuɗin Haya

Da yawa daga cikin waɗanda gidauniyarmu take tallafa wa da kuɗin haya suna neman abincinsu ne a Babbar Kasuwar Kaduna, wato Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Akwai 'yan dako da ƙarfinsu ya fara raguwa, akwai kuma iyayen marayu masu sayar da abinci, waɗanda da yamma suke komawa ɗakunansu na haya a Tudun Wada ko Rigasa ko Unguwar Sanusi. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashin siminti da sauran kayan gini ya tashi, masu gidaje kuma suka yi ta ƙara kuɗin haya. Wannan ne ya sa muka ga dacewar bayyana wa masu ba da zakka da kwamitocin masallatai ƙa'idarmu game da sanar da irin wannan sauyi.

Malaman Malikiyya sun halatta a ba matalauci daga zakka abin da zai ishe shi na shekara guda, muhalli kuwa yana cikin buƙatunsa na asali. Da yake a nan ana biyan haya ne shekara-shekara, mukan ware wa kowane gida kasonsa bisa adadin da ke rubuce a littafinmu, sannan mu biya mai gida da izinin wanda ake tallafa wa, muna wakilansa.

A ɗauka an rubuta wa wata baiwar Allah naira 120,000, sai mai gida ya mayar da hayar 160,000, ita kuma kunya ta hana ta faɗa. Ranar biya za a tarar da giɓin 40,000 bayan an riga an kammala rabo. Ƙarshenta ko ta ci bashi, ko ta taɓa ɗan jarinta, ko a ba ta takardar tashi da marayu a hannu. Da ta sanar da wuri, da an gyara kasonta, ko dattawan masallaci su roƙi mai gidan sassauci.

Haka kuma idan haya ta ragu, ko mutum ya koma ɗaki mai rahusa, ko ya samu gurbi a gidan waƙafi, wajibi ne a sanar. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade waɗanda suka cancanci zakka, saboda haka rarar da ta wuce buƙatar wani haƙƙin wani mabuƙaci ce da ke jiran sahu.

Roƙonmu ga kwamitocin masallatai shi ne, da zarar mai gida ko dillalinsa ya ambaci ƙari, a rubuto mana sabon adadin da ranar da zai fara aiki, haɗe da rasit ɗin bara da takardar mai gida. Inda babu rubutu, shaidar mutum biyu amintattu ta wadatar. A riƙa tambayar waɗannan bayin Allah a keɓe, domin mai kamun kai ba ya kai kukansa cikin taro, kuma a tabbatar musu cewa sanarwa ba ta cire kowa daga tallafi.

Dukiyar da kuka damƙa mana amana ce, ba za ta kai inda ya dace ba sai littafinmu ya yi daidai da halin da mutane suke ciki. Allah Ya karɓa, Ya sanya albarka a abin da ya rage muku.